Daga Gyallesu Zuwa Bakin Dogo

Gyallesu unguwar matafiya ce. Tana zaune ne a maƙwabtan Kongo da Tudun Wada, ba nisa da tsohuwar ganuwar birnin Zazzau, kuma da wuya ka ratsa lungu guda a cikinta ba ka ga gidan da ɗalibai ke haya ba. Wasu na karatu a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, wasu a makarantar horon malamai ta tarayya, wasu kuwa kullum sai sun hau mota zuwa Samaru. Mutanen nesa sun fi sanin sunan unguwar saboda abin da ya auku a cikinta a watan Disamba na 2015, amma mazaunanta sun san ta da wata kama ta yau da kullum: ranar da aka ba da hutu, sai ka ga akwatuna da jakunkuna jere a bakin titi, kowa na jiran abin hawan da zai kai shi tashar mota, daga can kuma sai Kano ko Kaduna ko Jos ko Gusau. Unguwar da rabin mutanenta ke kan hanya sau da dama a shekara tana da hakkin ta tambayi inda aka kwana game da sabon layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kaduna zuwa Kano.

Ga abin da kowa ya sani. Ranar 15 ga Yuli, 2021, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a Zawaciki ta Jihar Kano. Tsawon layin kilomita 203 ne, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ke riƙe da kwangilar, kuma Zariya na cikin garuruwan da aka tsara wa tasha. Aikin ya yi tafiyar hawainiya na tsawon lokaci saboda bashin da aka sa rai daga Sin bai samu a kan kari ba, sai gwamnatin tarayya ta riƙa lallaɓa shi da abin da ke aljihunta. A watan Janairun 2025 Bankin Raya Ƙasa na Sin ya saki kimanin dala miliyan 255, a cikin shekarar kuma ministan sufuri, Sa'idu Ahmed Alkali, ya shaida wa jama'a cewa aikin ya haura rabi. Wannan labari ne mai daɗin ji. Sai dai kashi kaza cikin ɗari lissafin injiniya ne da ɗan kwangila. Mutumin Gyallesu yana da nasa lissafin, wanda ke farawa daga ƙofar gidansa. Don in auna wannan lissafi na biyu ne na ɗauki hanya, na fara da tsohuwar tasha kafin in je kallon sabon aiki.

Daga Gyallesu mutum zai ɓulla ta Kongo, ya keta Tudun Wada da hayaniyarta, ya haye gadar Kubanni, sannan ya shiga Sabon Gari ta wajen PZ. A keke mai ƙafa uku tafiyar ba ta da wani tsawo, amma mai lura zai gane cewa garuruwa uku ya ratsa, kowanne da dalilin kafuwarsa. Birni na sarauta ne da malanta. Tudun Wada ta baƙin Arewa ce da ma'aikata. Sabon Gari kuwa ɗan jirgin ƙasa ne, domin tasha ce ta haife shi. Na tsaya a bakin tsohuwar tashar na daɗe ina kallon ƙarafan da suka rarrabu kamar yatsun hannu, da taragun da tsatsa ta ci, da ciyawar da ta tsiro a tsakanin layuka, awaki na kiwonsu hankali kwance. Faɗin filin kaɗai ya isa ya gaya wa baƙo cewa an taɓa yin babbar harka a wurin. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Tarihin wurin ya faro ne daga zamanin Gwamna Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa da ya riƙe Arewa daga 1907 zuwa 1909, wanda a hannunsa aka soma layin Baro zuwa Kano. A 1911 ƙarfen ya ratsa Zariya ya isa Kano. Talakawan ƙasar Zazzau ne suka haƙa ƙasa suka ɗauki kwando a aikin da aka sani da aikin diga, da yawansu ba da son ransu ba, har Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu Ɗan Sidi, ya tsara waƙa a kan lamarin, wadda ake kira Waƙar Diga. Turawa sun ajiye tasha a hayin Kubanni, nesa da ganuwa. Nan da nan kamfanonin ciniki suka kafa kantunansu a gefenta, injin gurzar auduga ya biyo baya, ma'aikata daga Kudu suka zo suka yi gidaje, kasuwa ta kafu. Sunan PZ da muke kira har gobe sunan ɗaya daga cikin kamfanonin nan ne. Birni ya riƙe martabarsa da iliminsa, amma kuɗi sun tare a inda jirgi ke tsayawa. Fiye da shekara ɗari ke nan, har yau mutumin cikin birni in zai yi babbar sayayya sai ya haye gada. Darasi na farko ke nan: inda aka dasa tasha, nan gari ke juya fuskarsa.

Darasi na biyu yana cikin labarin wani jirgi da samarin yanzu ba su san an yi shi ba. A yau da ake ta zancen ƙananan jiragen ƙasa na zamani, ya kamata a tuna cewa Zariya ta taɓa mallakar nata ƙaramin jirgin. Turawa sun kira shi ƙaramin layin Bauci, ko da yake Jos da Bukuru ya nufa, don kwaso kuza. Ya tashi daga Zariya ya kai Rahama a 1912, ya hau tsaunin Jos a 1914. Tazarar da ke tsakanin ƙarafansa ƙafa biyu da rabi ce kacal, alhali ta babban layi ƙafa uku da rabi ce. Saboda wannan bambanci, tarago ba ya iya sauka daga wannan layi ya hau wancan. Duk kayan da suka zo daga Jos sai an sauke su a Zariya an sake lodi. Da babban layi ya isa Jos ta Kafancan a 1927, sai kuza ta sauya hanya, ƙaramin jirgi ya rasa abin da aka gina shi dominsa. Ya ci gaba da jan jiki da fasinja da 'yan kayan gona har aka rufe shi a 1957. Ragowarsa na ajiye a gidan tarihi na Jos, yara na kallo.

Ban kawo wannan labari don nishaɗi ba. Sabon layin da ake ginawa tazarar ƙarafansa milimita 1,435 ce, tsohon kuwa 1,067. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda tun 1929 yana kan tsohon ma'auni. Ma'ana, matsalar da ta kashe ƙaramin jirgin Jos tana nan tana jiranmu a Zariya. Masara da auduga da waken suya na ƙasar Funtuwa da Giwa, da kayan tashar tsandauri ta Funtuwa, ba za su hau sabon layi ba sai an tanadi wurin sauke kaya da sake lodi. In an yi tanadin, wahalar za ta koma sana'a: 'yan dako, masu rumbunan ajiya, direbobi, masu abinci, duk za su samu. In ba a yi ba, tireloli za su ci gaba da fasa mana tituna, jirgi kuma ya wuce da taragun da ba kayanmu a ciki.

Washegari na bi hanyar Kano, na ratse zuwa ƙasar Maƙarfi, inda layin ya keta gonakin rake. A nan mutum ke ganin aikin da idonsa. An tara jar ƙasa an daddaɓe ta ta zama doguwar ganuwa miƙaƙƙiya, an zuba tsakuwa a kanta, ga kwalbatoci da ginshiƙan gadoji a inda rafi ya gitta. Wanda ya saba da tsohon layi mai lanƙwasa yana bin kowane tudu zai ga bambanci nan take, domin wannan an ja shi ne don gudu. Na yi murna da abin da na gani, kuma duk mai kishin Arewa zai yi. Amma da na tsaya hira da wasu manoma a gindin wata bishiya, sai na ji tasu damuwar daban ce. Ba su tambaye ni gudun jirgi ba. Abin da ke ransu shi ne ta ina za su riƙa haye layi da shanu da amalanke zuwa gonakin da suka koma ɗaya hayin, da kuma ko akwai inda jirgi zai tsaya kusa da su ya ɗauki rake da tumatir. Tambayarsu da ta ɗalibin Gyallesu uwa ɗaya uba ɗaya ce: jirgin nan namu ne, ko wucewa kawai zai yi ta kanmu?

Ba sai mun je nesa neman amsa ba. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, an buɗe shi a watan Yulin 2016, kuma ya ceci rayuka da dukiya a shekarun da hanyar mota ta zama tarkon masu garkuwa da mutane, duk da mummunan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris, 2022. Sai dai tasharsa ta Kaduna tana Rigasa, ta Abuja kuma tana Idu, dukkansu a gefen gari. Bazazzagin da ke son hawansa sai ya yi sammako ya ci kimanin kilomita 80 a mota kafin ya ga tarago. A ɗaya ɓangaren, Rigasa da kanta ta shaida darasin Sabon Gari: tun da tasha ta zo, titi ya samu, filaye suka yi daraja, shaguna suka tsiro. Abin da ya faru a hayin Kubanni a 1911 shi ya maimaita kansa a can bayan shekara ɗari da biyar. Zai kuma maimaita kansa a duk inda sabuwar tashar Zariya ta buɗe ƙofa.

Gwamnatin Jihar Kaduna ta fahimci wannan giɓi a babban birninta, shi ya sa take maganar ƙaramin jirgin cikin gari, layi ɗaya daga Rigachikun zuwa Sabon Tasha, ɗaya kuma ya dangana da Rigasa. Tunani ne mai kyau, amma irin wannan aiki yana cin lokaci. Legas ta soma nata shuɗin layin a 2009, bai fara ɗaukar fasinja ba sai a watan Satumban 2023, shi ma kilomita 13 na farko. Na Abuja an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a 2024. Saboda haka ba na cewa a gina wa Zariya ƙaramin jirgi gobe. Abin da garin ke buƙata ya fi haka sauƙi da araha, kuma ana iya gama shi kafin babban jirgi ya iso.

Na farko, a fito da taswirar sabuwar tasha da hanyoyin da za su kai gare ta, a manna a sakatariyar ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, a karanta a rediyo da Hausa, domin kada sanin ya zama na dillalan filaye su kaɗai. Na biyu, a tsara motocin bas masu lokaci da farashi sananne, waɗanda za su haɗa Ƙofar Doka da Kongo da PZ da Kwangila da Samaru da Shika da bakin tasha, a kuma zauna da ƙungiyoyin direbobi da masu keke tun yanzu, tun da su ne za su ɗauki nauyin mafi yawan fasinja. Na uku, a ware fili don kaya, da rumbuna da ma'auni, a kuma yanke shawara a kan makomar tsohuwar tasha da reshen Ƙauran Namoda. Na huɗu, a saurari manoman da layi ya raba da gonakinsu game da mahaya, tun injuna suna wurin, domin gyaran da za a yi da sauƙi yau zai zama sabuwar kwangila gobe.

Abin da ya sa gazawa a nan za ta zama abin kunya shi ne, babu garin da ya kai Zariya masanan wannan fanni a Arewa. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya tana nan a hanyar Basawa tun 1986, aikinta ke nan horar da masu tsara sufuri. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen tsara birane da na injiniya. Ɗalibai nawa ne ke rubuta kundin kammala karatu kowace shekara a kan batutuwan da ba su shafi kowa ba? Ga batu a ƙofar gida: a ƙirga masu fita daga Zariya kullum, ina suke zuwa, nawa suke kashewa, wane kaya ke fita daga kasuwannin Giwa da Maƙarfi da Soba. Masarauta da 'yan majalisarmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ɗauki sakamakon su kai inda ake yanke hukunci. Da sanyin safiya ake kama fara.

Kakanninmu sun haƙa layin farko da diga ba tare da an tambaye su inda za a sa tasha ba, domin a ƙarƙashin mulkin mallaka suke. Mu ba mu da wannan uzuri. Bashin da ake gina sabon layi da shi, mu da 'ya'yanmu za mu biya, har da waɗanda ba za su taɓa hawa jirgin ba. In layin ya haɗu da na Abuja ta kudu, ya haɗu da na Kano zuwa Maraɗi ta arewa, Zariya za ta sake zama a tsakiyar babbar hanya kamar yadda take a zamanin fatake. Ko za ta zama zango ko kuwa wurin da matafiyi ke hangowa ta taga, wannan ya rataya ne a kan abin da Zazzagawa suka nema, suka kuma tsaya a kansa, kafin a ɗaure ƙarfe na ƙarshe.