Rubu'in Incin da Takarda Ba Ta Faɗa Ba

A wani ƙaramin kanti a jihar Fensilbaniya ta ƙasar Amurka na sayi ƙunshin, lokacin da na je wani taron ƙara wa juna sani. Yankin ya yi suna wajen ɗinka bargon faci-faci, wanda suke kira kwilt, musamman a tsakanin matan al'ummar Amish. Bargo ne mai hawa uku: fuskar da aka harhaɗa da ƙananan ƙyallaye, da auduga a tsakiya, da yadi a baya, sannan a bi duka da ɗinki don kada audugar ta dunƙule. Wanda aka gama ɗinkawa ya fi ƙarfin aljihuna, sai mai kantin ta nuna mini ƙunshin da ke ɗauke da ƙyallayen a yanke, da takardar bayani mai shafi huɗu. A jikinsa an rubuta cewa an shirya shi ne domin 'yan koyo.

Tsaraba na kawo wa maiɗakina. Ta duba, ta yi godiya, ta ajiye a saman sif. Can ya zauna har yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya kai wata takwas, ya bar ni da zaman gida da tsohon kekenta na ɗinki. Mahaifiyata kuwa duk hunturu sai ta yi kukan sanyi, don haka na ɗauki alkawarin da ba wanda ya nema daga gare ni: na ce mata bana da hannuna zan ɗinka mata abin rufa.

Zanen da na zaɓa shi ne wanda suke kira bukkar gungume, ɗaya daga cikin sanannun zane-zanen Amurkawa tun ƙarni na 19. Ana fara kowane gida da jan ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, wanda a al'adarsu yake wakiltar murhun gida, sai a riƙa kewaye shi da ziraran ƙyallaye, masu haske a ɓangare biyu, masu duhu a ɓangare biyu. Ƙunshina gida ashirin ne, kowane gida ƙyalle 13, jimilla 260. Na karanta takardar sau uku, irin karatun da nake yi wa kundin digiri, kuma ba kalma ɗaya da ta gagare ni. Wannan ne ya ruɗe ni.

Matsala ta fara leƙowa tun a gida na farko. Duk zirin da na ɗinka sai ya ɗan zarce gefen da aka ce zai dace da shi. Na ɗauka karamci ne na masu kamfani, sun bar rara, sai na riƙa datse abin da ya fito da almakashi. Sai da na gama gida takwas na tuna da tef ɗin awo. Takarda ta ce gida zai zama inci 14. Nawa 13 ne. Uku daga cikinsu ma na kewaye su ta hagu, sauran ta dama, domin hoton ya sa lambobi amma bai nuna inda za a juya ƙyallen ba.

Na kwashi kayana zuwa wurin wani dattijon tela a bakin layinmu. Ba ya karanta Turanci, bai ma karɓi takardar ba. Ya kifa gida ɗaya, ya dubi bayansa, ya ɗora tef a kan ɗinkin, ya auna wani zirin da ban taɓa ba, ya ce, "Dakta, ɗinkinka ya ci yadi da yawa. Wanda ya yanka wannan rubu'in inci ya bar maka."

Na ce, "Baba, ai takardar ba ta faɗa ba."

Ya ce, "To, ga wanda ya rubuta ta ai ba abin faɗa ba ne."

Lissafin mai sauƙi ne. Faɗin kowane ziri inci biyu da rabi ne, kuma bakwai ne a jere daga gefe zuwa gefe, wato ɗinki shida. Masu wannan sana'a rubu'in inci suke bari a bayan ɗinki, kimanin milimita shida. Ni kuwa wajen santimita ɗaya nake bari. Bambancin bai kai faɗin ƙwayar dawa ba, amma kowane ɗinki ƙyalle biyu yake ci, kuma sau shida, sai ga inci ɗaya da rabi ya salwanta. Har inci 14 ɗin ma ashe awon gida ne bayan an haɗa shi da maƙwabtansa. Shi kaɗai 14 da rabi ya kamata ya kai. Duk abin da takardar ta ce a kan wannan shi ne an haɗa da rarar ɗinki. Nawa ce rarar? Shiru.

Ba na zargin marubucin da ganganci. Ya daɗe da sanin abin har ya manta cewa koyonsa ya yi. Matan Gee's Bend na jihar Alabama, waɗanda aka baje bargunansu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Amurka tun daga 2002, a gefen iyaye da kakanni suka koya, da tsofaffin kayan aikin gona. Haka mu ma lifidin da muke gani a hawan sallah, ɗinki ne mai cushe irin wannan, kuma ido da hannu ne suka riƙe shi. A irin wannan koyo, kuskure ba ya kai gida takwas kafin a buge hannun yaro.

A daren da nake farke ɗinkin da reza ne wani ɗalibina ya faɗo mini a rai. Sau uku ina mayar masa da babi na biyu na kundinsa, kowane karo da jan biro: "Wannan ba bita ba ce, jerantawa ce." Har na ce wa wani abokin aiki yaron ba ya ja. Amma ban taɓa zama na nuna masa yadda ake ɗaukar marubuta biyu a gwama ra'ayinsu a sakin layi ɗaya ba. Ban tuna ranar da ni kaina na koya ba, shi ya sa na ɗauka abu ne da kowa ya sani.

Da aka koma aiki a watan Oktoba na kira shi ofis, muka rubuta sakin layi ɗaya tare, ya tafi da sauran. Bargon kuwa, ƙyallayen da na datse ba su ƙara isa ba, sai da telan ya cike gurbinsu da ragowar atamfa. Bai kammalu ba sai da sanyi ya wuce. Hajiya ta shimfiɗa shi, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni dalilin da ya sa ɓangare ɗaya ya fi kyau. Ɓangaren atamfar take nufi.