Kayan da ke ƙarƙashin fukafukai

Akwai wani aiki da mutanen gidana ke kira ɓata lokaci, wanda na daɗe ina yi bayan an tashi daga biro: haɗa ƴan ƙananan jiragen yaƙi na roba, waɗanda masu jin Faransanci ke ce wa maket. Kwali ake saye, na kamfanin Heller ko na waninsa, cike da gutsattsarin roba, mutum ya yanke, ya manna da gam, ya shafa fenti. Ma'aunin da na fi so shi ne 1/72, wato kowane santimita 72 na jirgin gaske ya koma santimita 1. Da haka Mirage F1 mai tsawon mita 15 yakan dawo wajen santimita 21, makaminsa mai linzami kuwa, Magic, bai cika santimita 4 ba.

Haɗa gangar jikin ba wuya, yaro ma ya iya. Inda ake gane masani shi ne ƙarƙashin fukafukai. Kwali yakan zo da makamai iri-iri domin mai haɗawa ya zaɓa, amma da yawa sai su rataya su duka, jirgi ya koma kamar jakin fatake. Na taɓa ganin Jaguar bisa teburin wani babban ma'aikaci, an rataya masa Super 530 guda 2, an yi musu jan fenti don ado. Ban ce uffan ba, domin takarda na kai a sa mini hannu. Amma ai wannan sirdi ne a bayan saniya. Super 530 ba ya isa ga abokin gaba sai jirgin da ya harba shi ya ci gaba da haska masa hanya da radarsa, Jaguar na Faransa kuwa ba shi da irin wannan rada a hancinsa, don kai hari ƙasa aka ƙera shi. Mirage F1C, mai rada Cyrano IV, shi ne mai ɗaukar Super 530F ƙarƙashin fukafukai, da Magic a bakin kowane fiffike. Shi Magic zafin injin jirgin gaba yake bi, babu ruwansa da rada.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, abin wasa ne. Ni dai ban ɗauke shi wasa ba, domin jiragen nan a Cadi, maƙwabciyarmu, suka yi yaƙi, kuma mutane sun mutu a ƙasar da suka bi ta samanta. Ran 16 ga Fabrairu 1986 jiragen Jaguar suka tashi daga Bangi, tafiyar fiye da kilomita 1500, suna shan mai a sararin sama, suka je suka farfasa titin jirage da Libiya ta gina a Wadi Dum, arewacin Cadi. Cikin abin da suka ɗauka akwai bam BAP 100, wani siririn bam da lema ke rage wa gudu, sannan roka ta soka shi cikin kankare ya fashe daga ciki. Ran 7 ga Janairu 1987 Jaguar ya sake komawa can, wannan karo da makami mai linzami Martel, wanda ke bin siginar radar abokan gaba har ya faɗa mata. A watan Maris na shekarar sojojin Cadi suka ƙwace sansanin. Jirgi iri ɗaya, wuri ɗaya, tsakani wata 11, amma kaya daban. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin wannan: lodin da ke bisa mota shi ke faɗin kasuwar da ta nufa. Wanda ya rubuta 1986 a gindin ɗan jirginsa ya rataya masa Martel, ya gauraya ranaku biyu, kuma yaron da ya gani haka zai riƙe.

Batun launi ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi tsanani. A ƙa'idar sojojin ƙasashen OTAN, zoben fenti da ke zagaye jikin makami magana ce. Zobe ruwan ɗorawa na nufin akwai nakiya mai fashewa a ciki. Zobe ruwan ƙasa na nufin injin rokar cike yake, zai tashi. Shuɗi kuwa na koyo ne, babu nakiya. Ma'aikacin da ke loda jirgi da wannan zoben yake sanin abin da hannunsa ke taɓawa. Saboda haka in ka ce jirginka ya nufi fagen fama, ka kuma shafa wa makamansa shuɗi domin shi ne fentin da ya rage maka, ka aika matuƙi yaƙi da sandar kara ke nan.

Haka fatar jirgin. Jaguar ya fara aiki da kore da ruwan toka, launin dazuzzukan Turai, daga baya aka shafa wa waɗansu na Afirka ruwan rairayi da ruwan cakulan. Mirage F1C na tsaron samaniya shuɗi-shuɗi ne a sama, ruwan azurfa a ciki. Sai an nemi hoton jirgin, da lambarsa, da shekararsa, kafin a buɗe gwangwanin fenti.

A ma'aunin 1/72 zoben nan da ƙyar ya kai milimita 1. Buroshi ya yi masa kauri, da bakin tsinken sakace nake sa shi, ina riƙe numfashi. Ba na kuma yin sa lokacin hunturu, domin ƙurar buji na sauka bisa ɗanyen fenti ko an rufe taga. Akwai Magic guda 2 cikin gwangwanin madara da ke jiran damina.