Zuciyar Zare da Ƙusa a Ingila

Kusan fam 20 na ga an sa wa ɗan guntun katako da ƙusoshi da zare a wani shagon kayan sana'ar hannu a nan Ingila, wai don yaro ya saƙa siffar zuciya. Kuɗin kube mai kyau a Kasuwar Kurmi, har da canji!

Ba zuciyar katin soyayya ba ce, kadiyod ce ta masu lissafi. Ka ɗauki kwabbai biyu masu girma ɗaya, ka danne ɗaya, ka mirgina ɗayan a kewayensa. Ɗigon da ka sa a bakin mai mirginawar shi zai zana ta. Masanin lissafi La Hire ya gano tsawonta a 1708, ninki 16 na rabin faɗin kwabon, wani masanin, Castillon, kuma ya raɗa mata suna a 1741. Filinta ninki 6 ne na filin kwabon.

Fitar da lanƙwasa daga miƙaƙƙen zare kuwa mutanen nan sun daɗe suna koya wa yara, tun zamanin malamar lissafi Mary Boole a ƙarshen ƙarni na 19. Nan ne kishi ke kama ni. Muna da masu ɗinkin aska takwas, da maginan da ke zana dagi a bango ba tare da awo ba, amma a ajinmu ba wanda ya taɓa haɗa aikinsu da kamfas. Sai dai in na ga yaro a nan ya buɗe manhajar lissafi ta Desmos, ya rubuta layi ɗaya, zuciya ta fito kafin ƙiftawar ido, sai in ce hannunmu ya fi.

Kada kowa ya ba da fam 20 ɗin nan. Farin kwali da allura da baƙin zare sun wadatar. Zana da'ira, ka sa ɗigo 36, tazarar digiri 10, ka ba su lamba. Haɗa 1 da 2, 2 da 4, 3 da 6, kowace lamba da ninkinta. In ninkin ya haura 36, cire 36: 19 za ta koma 2. Huda ramukan tukuna kafin ka miƙa wa yaro allura, kuma kada ya ja zaren da ƙarfi, kwalin zai tanƙware. In kuka ninka sau uku maimakon biyu, siffar ƙoda za ku gani. Malamin firamare mai yara cike da aji ma zai iya, da alli da igiya a daɓen aji.