Zoɓon Gida: Daga Shanya Zuwa Jiƙo



Mu da muka tashi a gidajen da ake yafa yakuwa a gefen gona ko a gindin katanga mun san cewa noman zoɓo ba ya da wani wahala. Shuka ce marar fitina. A zuba iri da farkon damina, ta yi ta ba mu ganyen miya, idan yini ya fara gajarta wajen Satumba da Oktoba sai ta yi fure. Furen yini ɗaya yake yi ya yanƙwane, amma jan kwanson da ke tallafe da shi sai ya ci gaba da kumbura har ya yi ɓul-ɓul. Wannan kwanson shi ne zoɓo. Aikin gaske yana farawa ne ranar da aka yanko shi, domin daga ranar sai kokawa da ruwa: a fitar da shi, a hana shi dawowa, sannan wata rana mu mayar da shi da hannunmu. Duk zoɓon da ya ba mutum kunya a gaban baƙi, idan aka bi diddigi, a ɗaya daga cikin matakan nan uku aka yi masa gaggawa.

Ɗanyen zoɓo kusan duk ruwa ne. Kilo 10 na ɗanye bai cika wuce kilo 1 ba idan ya bushe, shi ya sa tulin da ya cika tsakar gida yake ƙarewa a 'yar jaka. Iyayenmu mata ba sa barin tulin nan ya kwana a buhu. Ko da an yanko shi yana da sauran rai, yana numfashi, yana tara zafi a cikinsa, wanda ke ƙasa kuwa ya fara baƙi da yauƙi. Don haka a ranar ake zama a ɓare shi, a cire ƙwallon irin da ke ciki. Wanda ya taɓa wannan zama ba ya manta ƙaiƙayin da ke jikin ƙwallon, da jan da yake kama yatsu. Irin ma ba a zubarwa. Shi ne gurguzu, a ware na shuka baɗi, sauran a yi daddawar batso.

Sai shanya. A gidajenmu ana baza shi ne sama-sama a kan tabarma mai tsabta, ba a tula wani kan wani, ana juyawa sau biyu ko uku a yini. Sa'ar da muka yi ita ce girbin yana faɗowa cikin hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙarau, don haka ita ke yin rabin aikin. Rana tana taimakawa, amma tana da nata cin. Jan nan da muke so a kofi wani sinadari ne da masana ke kira antosayanin, kuma zafi mai yawa da haske mai tsanani suna kashe shi. Zoɓon da aka manta a rana har ya wuce ƙa'ida yakan koɗe ya koma ruwan ƙasa. Wanda aka ƙarasa a inuwar rumfa, inda iska ke ratsawa, shi ke riƙe launinsa. Da magariba kuma a kwashe, domin raɓar dare tana mayar da aikin yini baya.

A nan ne muke son mu tsaya mu faɗa wa kanmu gaskiya. Duk mai bin hanyoyin Arewa da kaka ya saba ganin shanya a gefen kwalta: tattasai, tumatir, rogo, har da zoɓo. Mun san dalili, kwalta tana da zafi kuma fili ne na kyauta. Amma hayaƙin mota yana sauka a kai, ƙura tana sauka, akuya ta bi ta kai, kaji su tona. Abin da za a jiƙa a ba yaro ya sha ke nan. Tabarma ɗaya a kan gadon kara, nesa da ƙasa, ta isa ta raba mu da rabin wannan ƙazanta.

Yaya ake sanin ya bushe? Daga kwana 4 zuwa mako guda, gwargwadon iska, sai a ɗauki ɗaya a lanƙwasa. Idan ya yi ƙas ya karye, an kusa. Idan ya tanƙwaru kamar fata, da saura. Masu saye don fitarwa waje suna neman danshin da bai wuce kashi 12 cikin 100 ba, mu kuwa yatsa da kunne ne ma'auninmu.

Amma zoɓo yana da yaudara. Bakinsa siriri ne, yana saurin bushewa, gindinsa kuma kauri gare shi, yana ɓoye danshi. Idan aka ɗure shi a buhu aka ɗinke nan take, danshin da ke ɓoye zai fito a hankali ya jiƙa na kusa da shi, bayan wata guda a buɗe a tarar da funfuna. Maganin wannan shi ne a bar shi ya huta. A zuba a mazubi mai tsabta mai murfi, kada a cika shi taf, a rufe. Kullum a buɗe, a girgiza, a shinshina, har tsawon mako guda. A cikin kwanakin nan wanda ya bushe sosai yana jan danshin wanda bai ƙarasa ba, har su daidaita. Idan aka ga gumi a jikin murfi, a mayar da shi tabarma. Idan hanci ya ji warin gumama, ko ido ya ga fari-fari kamar auduga, wannan ya tashi daga abinci. Kada tausayin wahalar da aka sha ya sa a ce ai za a tafasa, domin akwai gubar funfuna da tafasa ba ta kashewa.

Bushewar ma tana iya wuce gona da iri. A tsakiyar hunturu zoɓo yakan yi ƙamas har ya riƙa marmashewa da an taɓa shi, kuma a kasuwa irin ta Dawanau ko Maigatari mai kwanso cikakke ya fi marmashi daraja. Masu lura sukan yi ɗurinsa da sassafe, lokacin da sanyin asuba ya ɗan sassauta shi. Wannan dabara ce. Yayyafa masa ruwa gab da awo don ya ƙara nauyi kuwa algus ne, kuma wadda take kwana a ciki ita ce baiwar Allahn da ta sayi kwano biyu don ta yi ƙulli ta sayar a ƙofar makaranta. Ita za ta buɗe leda bayan kwana goma ta tarar jarinta ya ruɓe.

Ajiya ma ba a yi mata sakaci. Busasshen zoɓo yana zuƙar danshin iska, don haka wanda ya tsallake rani lafiya zai iya lalacewa a watan Agusta idan an jingina buhun da bango ko an ajiye shi a ƙasa. Wuri mai duhu yake so, a rufe ruf, a kan katako. Buhun kuma ya zama sabo ko wankakke. Wannan maganar ta wuce ɗakin ajiyar gida. Ƙasar Meksiko, inda suke kiran zoɓo hamaika, tana cikin manyan masu sayen na Najeriya, kuma a 'yan shekarun baya ta dakatar da karɓa saboda wani ƙwaron rumbu mai suna kafra da aka gano a cikin kaya. Ƙwaron nan wuri mai zafi da bushewa yake so, yana laɓewa a tsofaffin buhuna da tsagar bangon sito. Manomin Jigawa da bai taɓa jin sunan ƙwaron ba ya ji a jikinsa da ciniki ya tsaya.

Mataki na ƙarshe shi ne mayar da ruwan da muka sha wahalar fitarwa. A ɗauraye da ruwan sanyi cikin hanzari, domin da ya taɓa ruwa launi yake fara saki, wanda ya tsaya dogon wanki yana zubar da rabin zoɓonsa a kwata. Daga nan hanya biyu ce: ko a jiƙa da ruwan sanyi ya kwana, ko a zuba masa tafasasshen ruwa tare da citta da kanumfari a rufe. Barin sa yana ta ɓararraka a kan wuta yana dafe launin, ƙamshin ya bi tururi. Tsaminsa yana cin tukunyar dalma da ta ƙarfe, don haka jiƙo ya fi kyau a tangaran, ko gilashi, ko roba mai tsabta. Kanwa tana kashe tsami, amma tana juya jan ya koma duhu-duhu, wadda hannunta ya yi nauyi za ta gani da idonta. A farin zoɓo na kwaɗo ne ake neman kashe tsamin da gangan. Da zarar an tace an sa sukari kuwa, abin da ya yi wata takwas a ajiye ba zai yi kwana biyu a zafi ba tare da firji ba. Zai fara kumfa, ya canja ɗanɗano.

Tsofaffinmu da yawa suna shan jiƙon ba sukari saboda hawan jini. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, ya gwada mutum 65 na tsawon mako 6, ya ga waɗanda suka riƙa shan kofi 3 kullum jininsu ya ɗan sauka fiye da na sauran. Wannan bai sa ya zama madadin maganin likita ba, amma ya isa ya tuna mana cewa abin da muke shanyawa cikin wani zai shiga, wataƙila cikin marar lafiya.

Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Jan da za a gani a kofi an riga an yanke shi tun a kan tabarma, wata da watanni kafin a ɗora ruwa. Abin da ke damunmu shi ne yawancin wannan sani a hannun iyayenmu mata yake, ba a rubuce ba, mu kuma mun koma sayen na leda, har yaranmu suna zaton a buhu zoɓo yake tsirowa. Mutanen Sudan da Masar suna da karkade, na Sanagal suna da bisaf, na Gana suna da sobolo, kowa da yadda yake sarrafa nasa. Kafin kakar bana ta wuce, wanda yake da uwa ko kaka ko goggo da ta iya, ya zauna kusa da tabarmarta ya tambaya, ya rubuta.

A garinku me kuke ce masa, zoɓo ko zoɓorodo ko soɓorodo? Ganyen kuma, yakuwa ko sure? Kuma a ina ake shanya shi a gidanku, a rana ko a inuwa? Muna sauraronku.