Kashi Uku Kafin Hukunci

Sau huɗu a shekara gidajen talabijin na Japan suke zubo sababbin shirye-shiryen anime: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Kowane zango da nasa tulin labaran, galibi kashi 12 ko 13, kowane kashi minti 24 ko kusa da haka, kuma yawancinsu sai dare ya raba ake nuna su a can. Sai da na shiga jami'a a Zariya na gano wannan tsari. Kafin nan duk katun muke kiransu: Voltron da yayyenmu suka kalla a NTA suna ta yi mana gori, Kyaftin Majid da Conan da muke leƙawa da Larabci a Spacetoon a gidan maƙwabta masu dish, sai kuma Naruto da ake sayarwa a faifai, wanda rabinsa yake sarƙewa daidai inda faɗa ya yi daɗi.

A ɗakinmu na haya a Samaru akwai wani ɗan ajin injiniya mai kwamfutar cinya da modem. Shi ne ƙofarmu zuwa Tokiyo. Data tana da tsada, intanet ba ya yin sauri sai bayan sha biyun dare, wuta kuma ana ɗauke ta ba sallama. Ƙananan kwafi yake saukewa, irin masu megabait 50 zuwa 100, waɗanda hotonsu yake dishi-dishi idan an zo wajen gudu ko faɗa, da fassarar Turanci a ƙasan allo wadda wasu masu sha'awa suka yi kyauta. Da safe filashi ya fara zagaye. Kowa ya zuba a nasa, mai memori ya tura a waya.

Da yake abin da za a iya saukewa kaɗan ne, dole a zaɓa. Nan muka ari dokar da masu kallo a ko'ina suke bi: a ba sabon shiri kashi uku, in bai kama mutum ba a yar. A wajen wasu wannan maganar lokaci ce. Mu a wajenmu maganar kuɗi ce, domin kashi ukun da aka ɓata a kan shirin banza kuɗin kwanon wake da shinkafa ne.

Shirin da ya ƙara wa dokar daraja shi ne Madoka Magica, na kamfanin Shaft, wanda ya fara fitowa a Janairun 2011. Kashi na farko da na biyu 'yan mata ne 'yan makaranta da launuka masu zaƙi, sai wata farar halitta mai suna Kyubey, mai kama da mage, da take cewa kowace yarinya ta faɗi buri guda a cika mata, ita kuma ta zama mai yaƙi da mayu. Muka yi wa injiniya caa. Wani ya ce, "Haba mutumina, katun ɗin 'yan mata ka ƙona mana data a kai?" Shi dai ya ce a bari a kai na uku. A kashi na ukun ne Mami, babbar cikinsu, mai gashi ruwan ɗorawa da jerin bindigogi, wadda ta gama cewa yanzu ba ta tsoron komai, wani dodo ya fito daga bakin 'yar tsana ya datse mata kai. Ɗakin ya yi tsit. Wanda ya yi ƙorafin ne ya fara tambayar yaushe na huɗu zai fito. Daga baya muka riƙe sunan marubucin, Gen Urobuchi, domin duk inda aka gan shi to kada a saki jiki da kowane jarumi. Kashi biyu na ƙarshe kuwa sai da aka jira su har ƙarshen Afrilu, saboda girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris ta hargitsa shirye-shiryen talabijin a Japan.

Amma a cikin watan Afrilun nan ɗin Steins;Gate ya fito ya kunyata dokar. Kashi uku suka wuce, babu abin da ake gani sai wani dogon saurayi, Okabe, sanye da farar rigar ɗakin gwaji yana surutu da waya shi kaɗai a unguwar Akihabara, da na'urar ɗumama abinci da take mayar da ayaba koriya mai yauƙi. Kusan kowa ya yar. Mutum ɗaya ya nace, wani shiru-shiru ɗan Funtuwa, ya ce shi fa yana jin akwai abin da ake ginawa. Sai a kashi na 12 cikin 24 labarin ya juya, aka harbe Mayuri, abokiyar Okabe, shi kuma ya shiga komawa baya cikin lokaci yana neman ceto ta tana sake mutuwa a gabansa. Duk zolaya da saƙonnin waya na rabin farko da aka raina, su ne suka zama bashin da yake biya ɗaya bayan ɗaya. Makon nan filashin ɗan Funtuwa bai kwana a ɗakinsa ba.

Akwai kuma masu yaudara ta ɗaya gefen. Sword Art Online na Yulin 2012 ya buɗe da ƙarfi: mutum 10,000 sun maƙale cikin wasan kwamfuta, wanda ya mutu a ciki ya mutu a zahiri. Babu wanda ya yi gardamar ci gaba da shi. A ganina daga kashi na 15 labarin ya saki hanya, jarumar da aka sani da takobi aka kulle ta a keji tana jiran a zo a cece ta. Mun kai ƙarshe dai, don an riga an zuba jari. Da sannu muka fahimci cewa kamfanoni sukan zuba gwanayen masu zane a kashin farko domin shi ne talla, in an kai tsakiyar zango lokaci ya ƙure musu sai fuskoki su fara karkacewa. Shirye-shirye da yawa ma tallar littafin da aka ciro su suke yi, shi ya sa sukan tsaya a kashi na 12 labari bai kai ko'ina ba.

Wata ƙa'idar ba mu taɓa faɗinta a fili ba, amma ta fi ta kashi uku aiki: shin za ka iya kallon abin nan ƙofa a buɗe? Highschool of the Dead na 2010 ya iya tsara tashin hankali, sai dai kyamararsa ba ta da kunya. A ɗakin samari ana iya dariya a wuce. A gida lokacin hutu, inda ƙannenka suke leƙo allo ta kafaɗa, Umma kuma tana iya ɗaga labule ta ce, "Kai, me kake kallo haka?", irin wannan ko kashi ɗaya ba ya cikawa.

Zangon da na fi tunawa shi ne na Afrilun 2013, domin yajin aikin malaman jami'a da ya ɗauki Yuli zuwa Disamba ya ba mu lokacin tsefe shi. Attack on Titan, daga littafin Hajime Isayama, bai buƙaci kashi uku ba. Katanga mai tsawon mita 50, ƙaton da ya leƙo ta samanta, uwar jarumin shirin, Eren, a hannun wani ƙaton yana murmushi: a nan aka gama shawara. The Devil Is a Part-Timer! muka riƙe don dariya, sarkin shaiɗanu da ya faɗo Tokiyo ba ko sisi, ya kama aikin soya dankali yana hanƙoron ƙarin girma. Zangonsa na biyu bai zo ba sai 2022, lokacin wasunmu sun aurar da ƙanne.

Wanda muka yi rigima a kansa shi ne Aku no Hana. Mai ba da umarni, Hiroshi Nagahama, mutane na gaske ya ɗauka a kyamara sannan aka bi hoton da zane, don haka babu manyan idanu, babu gashi mai launi. Fuskoki ne na gajiyayyun yaran ƙauye, waɗanda in sun yi nisa ido da hanci suke ɓacewa. Injiniya ya ce ko kyauta ba ya so, kuma ba da datarsa ba. Ni kuwa tafiyar yaron nan Kasuga zuwa makaranta ce ta riƙe ni: tsatsa a jikin allunan titi, shagunan da aka rufe, garin da duwatsu suka kewaye kamar an kifa masa ƙwarya. Na san wannan ƙuncin na ɗan shekara sha huɗu da ya karanta littafi guda ya ɗauka ya fi kowa a garinsu. Kuɗin kafe na riƙa biya ina sauke shi ni kaɗai. A farkon kashi na takwas, bayan Kasuga da wata 'yar ajinsu, Nakamura, sun yi kaca-kaca da ajin da tawada, mintuna masu yawa suna tafiya riƙe da hannun juna kafin gari ya waye, babu mai cewa uffan. Shirin da yake tsoron kada a yar da shi ba zai taɓa yin haka ba. Tun daga nan abin da nake dubawa a sabon shiri ke nan: yana roƙona in zauna, ko ya san inda ya dosa?

Yanzu ina da data, wayata ma ta fi kwamfutar injiniya ƙarfi, sababbin shirye-shirye kuma suna iso mana a ranar da aka nuna su a Japan. Sai dai da wuya in ba wani kashi uku. Minti goma na farko, in ga an sake kashe wani saurayi da mota an tashe shi a wata duniyar da takobi, sai in rufe. Babu wanda zai ce mini a bari a kai na uku, babu kuma wanda zan yi wa gori in shirin ya yi kyau.

Da Attack on Titan ya ƙare a Nuwamban 2023, injiniya ya kira ni daga Fatakwal inda yake aiki. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Malam, ka ga abin da suka yi wa Eren?" Na ce na gani, kuma daidai ne. Ya ce dama tun zamanin Aku no Hana ya san kaina ba ɗaya ba. Muna cikin musu katinsa ya ƙare, na kira shi muka ɗora.