Harafi Ɗaya Tak

Tun ina aji ɗaya Malamin Hausa yake fama da ni a kan lanƙwasar haruffa. Ni dai a ganina k da ƙ duk ɗaya ne, mai karatu ai ba wawa ba ne, zai gane nufina. A jarrabawar zangon da ya wuce sai na rubuta "baki biyu sun kwana a gidanmu." Malam ya karanta wa aji, sa'an nan ya tambaye ni ko bakin mutum ne ko na kada. Aka yi ta dariya. Na ci 38 bisa 100. Da Baba ya ga sakamakon ya ce abin kunya ne Bahaushe ya faɗi Hausa, ya hana ni zuwa ƙwallo sai ran da na gyara.

Ina zaman gida cikin hutu sai Yayana ya dawo daga jami'a da kwamfutarsa. Ya ga na yi zugum, ya ce, "Zo ka gwada wannan." Wani wasa ne mai suna Typoman, wanda wani ƙaramin kamfani na birnin Bon a ƙasar Jamus, Brainseed Factory, ya fitar a 2015.

Jarumin wasan da haruffa huɗu aka ƙera shi: O ce kansa, E jikinsa, H ƙafafunsa, R hannunsa. In an haɗa su sai su ba da HERO, watau jarumi da Turanci. Yana gudu cikin wata ƙasa mai duhu, yana tsallake ramuka. Ba shi da takobi, ba shi da bindiga, sai haruffan da yake turawa ko ya ɗauka ya jefa. In ya haɗa kalmar da ta dace sai ta zama gaskiya nan take. In inji ya ƙi tashi, ka haɗa ON sai ya kama aiki; in ka juya su suka zama NO, ko motsi.

Inda na sha wuya shi ne wurin RAIN, watau ruwan sama. Kalmar tana rataye tana zubar da ruwa, rami ya cika, in na shiga in nutse. Na nutse har na gaji da ƙirgawa. Yaya yana kallo, ya ƙi cewa uffan. Can na lura da wata D a gefe, na kai ta gaban kalmar, ta zama DRAIN, ruwa ya tsiyaye, na wuce. Kai, na yi ihu har Inna ta leƙo!

Yaya ya ɗauki biro ya ce, "To, a ce da Hausa aka yi wasan. Ka yi tsalle kana neman ƙasa ka dira, sai ka turo k maras lanƙwasa. Me za ka taka?" Na yi shiru, domin kasa maciji ce, kuma sararta ba wasa ba. Muka yini muna neman irinsu: kafa da ƙafa, bari da ɓari, da da ɗa. Ni ma na kama shi da gada, don ta ƙetare kogi da ta daji rubutunsu ɗaya ne. Ya ce wannan kam sai Jamusawan su zo su koyi karin sauti.

Wasan yana da aibinsa. Wasu tsalle-tsallen sun cika wuya ba dalili, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba dole ya ajiye ƙamus kusa. Ni na ajiye.

Da muka koma makaranta Malam ya yi mana shifta. Takardata ta dawo da jan biro wuri biyu kawai, ɗaya a kan "ɓarawo" da na bari tsirara. Baba ya duba ya ce in je ƙwallo ranar Asabar kaɗai tukuna. Wasan kuwa ban gama ba, Yaya ya koma da kwamfutarsa, jarumina yana can tsaye a bakin wani rami sai hutu mai zuwa.