Kanta uku a bangon gidan haya

Uwargida, in kin samu sarari yau, ki durƙusa a tsakiyar ɗakinki har idonki ya zo daidai da tsayin yaro ɗan shekara biyu, sannan ki waiga hagu da dama. Me kika hango? A mafi yawan ɗakunanmu za ki ga gorar lemo a bayan ƙofa wadda aka zuba wa kalanzir, da ƙwayoyin ƙarin jini na awon ciki a gefen madubi, da maganin sauro a ƙarƙashin gado, da ledar maganin hawan jini ta Hajiya da ta zo kwana biyu ta ajiye a kan tabarma. Duk cikinsu babu wanda hannun yaron ba ya kaiwa.

Ban ce sakaci ba ne. Wanda ya san ciki da falo na haya a Gama ko Gwagwarwa ko Tudun Murtala ya san cewa da zarar an kafa gado da sif da kujeru, wuri ya ƙare. Abin da ya rage sai ya sauka ƙasa. Bango kuwa yana nan fayau, daga agogo sai kalandar da aka raba a biki. Iyayenmu sun fi mu amfani da bango. Ɗakin kakata na ƙasa yana da alkuki, wato ɗan gurbin da magini ke bari a jikin gini don fitila da ashana, ga ragaya a rataye da ƙwaryar nono a ciki, kyanwa ba ta kaiwa balle jika. Da muka koma ginin bulo sai muka bar alkuki a baya, ba mu kuma kawo madadinsa ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na kuma daɗe a ɗakin yara. Yaron da ya sha kalanzir tun daga ƙofa ake jin warinsa. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, ba a ciki kalanzir ya fi yin ɓarna ba, a huhu ne. Ruwa ne marar kauri, kaɗan ya isa ya silale ta hanyar numfashi, musamman lokacin amai. Shi ya sa gabana ke faɗuwa in uwa ta ce min, “Sista, ai mun ɗura masa manja ya yi amai kafin mu taho.” Don Allah kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki, a kawo shi asibiti tare da gorar. Fiya-fiya ta fi wannan muni, don tana iya tsayar da numfashi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da manyan kantuna, amma ni da ke mun san abin da ake fesawa a ɗakuna da damina. Ƙwayar ƙarin jini kuma, ja ce mai sheƙi kamar alawa, kuma in ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi.

Da autana ya fara tafiya yana jan duk abin da ya gani, sai na ce wa maigidan ina son kanta a bango. Ba ta ado ba, ta ajiya. Shi a wata masana'antar roba yake aiki a Bompai, kuma amsarsa ta farko ita ce zai kawo min irin kantar roba mai hawa huɗu da ake tsayarwa a ƙasa. Tana da araha, ba ta tsatsa, kuma ina da ita a kicin tana riƙe da albasa da dankali. Amma ga yaro mai koyon hawa, wannan tsani ce. Ko manyan kamfanonin duniya sun sha wannan darasi da tsada: a 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan wasu sun rikito kan yara sun kashe su. Duk abin da ke tsaye mai tsawo, in ba a ɗaure shi da bango ba, yaro na iya jawo shi kansa. Ki duba talabijin ɗinki da wannan idon.

Kafin kafinta akwai mai gidan haya. Tare da maigidan muka je muka gaishe shi. Ya saurara, ya yi dariya, ya ce, “'Yata, kowa ya zo sai ya mayar min da bango rariya, in ya tashi ya bar ni da biyan magini.” Gaskiyarsa ne, na ga ɗakin da muka gada. Na ce, “Baba, rami goma sha takwas ne, mun ƙirga. Ran da za mu tashi mu za mu toshe su da siminti, mu shafa fenti.” Ya ce a rubuta. Aka rubuta a bayan rasit ɗin haya, ya sa hannu, maigidan ya sa. Ina ba ki shawara ki yi haka ko da mai gidan kawunki ne.

Kafintan da aka fara kawo min ya zo da guduma da ƙusar kankare a leda. Na tambaye shi ina injin huda bango, ya ce, “Hajiya, ai haka muke yi ko'ina.” Na san haka ake yi ko'ina, shi ya sa kuma nake ganin yara da rotsi a ka. Bulon da ake gina yawancin gidajen haya mai rami ne a ciki, inci 6 ko inci 9, kuma masu buga shi da yawa suna ƙara yashi su rage siminti. In aka buga ƙusa da ƙarfi, sai ta farfasa abin da ke kewaye da ita, ta zauna a cikin gari. Ranar farko za ki ja ki ji ta kama. Bayan wata uku da kaya a kai, sai ta fara zamewa a hankali ba wanda ya lura. Wasu kuma su huda rami su cusa guntun katako su buga ƙusa a ciki. Wannan yana riƙewa da damina, amma in hunturu ya shigo katakon ya bushe ya tsuke, sai ya yi sako-sako. Na ba shi kuɗin mota, muka rabu lafiya.

Wanda ya yi aikin a ƙarshe yaro ne mai ɗaura sola da dish a unguwarmu. Irinsu su ne suke da injin huda bango mai batir, ba ruwansu da an kawo wuta ko an ɗauke. Ni na sayo kayan da kaina ranar da na sauko daga aikin dare, shi kuma ya yi hudar ina tsaye.

Ga abin da ke riƙe kanta. Ana huda rami, a saka 'yar robar nan da masu sana'a ke kira fisha, sannan a murɗa sukuru a cikinta. Sukurun na shiga robar tana buɗewa tana matse jikin ramin. Don haka dole bakin injin da fisha su zama lamba ɗaya: in fisha mai lamba 8 ce, baki ma 8. In ramin ya fi ta faɗi, aikin banza ne. Sukurun kuma ya zama dogo, ya wuce filasta ya shiga bulo sosai, don filasta fata ce kawai, ba ta ɗaukar nauyi. Ki lura da ƙurar da ke fitowa da yadda injin ke tafiya. In ya shige salalaf kamar a cikin tuwo, ko ramin ya riƙa zubar da yashi, wurin ba shi da ƙarfi, a matsa gefe a sake. Mu sai da muka bar rami biyu saboda haka, lissafin Baba ya koma ashirin, na je na gaya masa. In kuwa gidanki na ƙasa ne, fisha ba za ta yi miki komai ba. Ki nemi magini ya fitar miki da alkuki.

Abu ɗaya da ban yarda a yi wasa da shi ba: kada a huda saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa. Wayar da aka binne a bango yawanci miƙewa take yi tsaye daga nan. Haka bangon da ke da famfo ko banɗaki a bayansa, akwai bututun ruwa a ciki.

Sai ƙarfen da ke tallafe katakon, mai siffar kusurwa. Sukurun sama shi ne ke shan wahala, don nauyin kaya jan sa yake yi waje, na ƙasa kuwa dannawa kawai ake yi. Gwargwadon faɗin katako, gwargwadon ƙarfin jan. Shi ya sa ban yarda da kanta mai faɗi kamar tebur ba, nawa ba su wuce taƙi ɗaya da ɗan ƙari ba. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe kada ya wuce kamar santimita 60, in ba haka ba tsakiyar za ta lotsa. Kowace kanta tawa ƙarfe uku ne, kowane da sukuru biyu. Akwai irin ta yayi da ake gani a hotunan Instagram, wadda ba a ganin abin da ya riƙe ta. Kyau kam tana da shi. Ki ɗora mata furen roba da hoton aure, amma ban da littattafai, don jerin littattafai tsawon mita ɗaya kan kai kilo 20.

Katako na je 'Yan Katako na Na'ibawa na sa aka yanka min filawud mai kauri. Masu kayan ɗaki sun fi son MDF saboda santsinsa, kuma a falo ba laifi. Amma garin katako ne aka matse da gam, in ya sha danshi sai ya kumbura ya fara marmashewa daga gefe. A kicin ko kusa da randa ba ya daɗewa. Ƙarafan da fisha da sukuru a Ƙofar Ruwa na same su. Ki ɗaga ƙarfen ki gwada lanƙwasa shi da hannu a gaban mai shagon. In ya motsa, ajiye masa abinsa.

Inda za a kafa ta ya fi ɗaukar min lokaci fiye da sayen kayan. Ta magani na sa ta a ɗakin kwana, sama da kafaɗata, a bangon da babu gado ko kujera ko durowa a ƙarƙashinsa, don yaro ba tsayinsa kaɗai yake amfani da shi ba, har da abin da zai taka. Ban sa ta a kicin ba, ban kuma sa ta a bangon yamma da rana ke gasawa da la'asar ba. Ki karanta kwalin maganinki, yawanci an rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30, Kano kuwa a watan Afrilu tana haura 40. Ba za mu iya sanyaya gari ba, amma za mu iya zaɓar bangon da ya fi sanyi a gidan. Magungunan suna cikin roba mai murfi, kowane a kwalinsa na asali. Ta biyu tana can sama a lungun tsakar gida inda ruwa ba ya bugu, nesa da murhu, ita ce ta kalanzir da bilic da maganin sauro, kuma ba a gorar lemo ba. Ta uku a falo take, ta littattafaina da Alƙur'anan yara, waɗanda dama ba a so a bar su a ƙasa.

Kafin na ɗora komai, na sa yaron ya kama kowace kanta da hannu biyu ya danna da ƙarfinsa, sannan muka ɗora mata jarkar ruwa mai lita 10 guda biyu ta kwana da su. Da safe na duba ko ƙarfen ya rabu da bango ko da kaurin farce. Har yanzu duk farkon hunturu da farkon damina nakan bi sukurun da sukurudireba in ji ko akwai wanda ya saki.

Wadda ta fi ba ni aiki ita ce surukata. In ta zo, ledar maganinta a ƙarƙashin matashi take son ta, don ta ce in ba ta gani ba mantawa take. Ba zan iya ce mata ta miƙa hannu sama da kafaɗa da ciwon gwiwa da na baya ba, kuma ba zan bar ƙwayar hawan jini inda autana ke birgima ba. Muka shirya a kan cewa ledar tana kan kanta, ni ko babbar 'yata mu sauko mata da ita bayan sallar asuba da bayan isha'i, a tsaya har ta haɗiye, a mayar. Ta ce, “To, likita, na zama majinyaciyarki ke nan.” Na ce, “Hajiya, ai dama ke ce ta farko a layi.” Ran da nake aikin dare, ɗanta ne ke saukowa da ita.